Hasken Ɓoye Wanda Wata Yake Mayarwa

Malamai sun daɗe da sanin wata ba shi da hasken kansa, aro yake yi wurin rana. Masu ilmin taurari sun auna aron nan, suka iske abin da yake mayarwa kimanin kashi 12 ne cikin ɗari, saura ƙasarsa ta shanye. Ashe farin wata launin tsohuwar kwalta gare shi, duhun dare ke ƙara masa kwarjini.

To, cikin hasken rana akwai wani iri wanda ido ba ya gani. Mazauninsa bayan launin shunayya na bakan gizo, Turawa suna ce masa ultrabayolet. Wani Bajamushe, Johann Ritter, ya gano shi a shekarar 1801, da ya ga yana baƙanta gishirin azurfa. Iskar da ta lulluɓe duniya tana tare mafi kaifinsa. Wata kuwa ba shi da irin wannan mayafi, hasken yana sauka kansa tsagwaronsa.

Wata ya fi rowa da wannan haske, kaɗan ƙwarai yake mayarwa. Amma ga abin al'ajabi. A shekarar 1972 na'urar kumbon Apollo 17 ta nuna cewa a mafi kaifin hasken nan al'amari juyawa yake yi: baƙaƙen tabban fuskar wata, watau narkakken dutse da ya daskare, sun fi fararen tuddansa haske.

Amfanin wannan ilmi shi ne kowane ma'adini da gwargwadon da yake mayarwa, kamar yadda dillalin zinariya yake gane ta da launin goginta a dutse. A shekarar 2005 aka auna ramin Aristarkus da madubin Hubble, ana neman ilmenait, ma'adini mai ƙarfe da titaniyam, wanda ake iya tatsar iskar numfashi daga jikinsa. A 2009 kuma Amurka ta harba kumbon LRO. Na'urarsa tana leƙa ramukan ƙuryar kudu da ta arewa, inda rana ba ta shiga, da ɗan hasken ɓoye da ke zuwa daga taurari da sararin sama. Ta ga alamar raɓar ƙanƙara cikin waɗansunsu.

Madugu ba ya yada zango inda babu rijiya. Haka nan masu niyyar zama a wata: sai sun san inda ruwa da iska suke tukuna, su ɗaura kaya. Haza wasalam.