Su Wa Za Su Gaji D'Tigress?

Sau 11 matan Senegal suka ɗauki kofin ƙwallon kwando na Afirka, amma rabonsu da shi tun 2015. Daga 2017 D'Tigress ta Najeriya ta karɓe sarautar, ta lashe shi sau biyar a jere, na baya-bayan nan a Abidjan a 2025. Sai dai da yawa daga cikin gwanayen namu a makarantun Amurka aka horar da su, kuma shekaru ba sa jiran ɗan wasa. Gasar mata ta cikin gida tana tafiyar hawainiya. A nan Arewa kuwa, doguwar yarinya a Karare, yankin Batsari da Safana da 'yan bindiga suka addaba, zuwa makaranta ma sai da fargaba, balle a kai ga filin wasa.