Ritaya a ƙasar waje: Wace ƙasa ce za ta karɓi harajinka, kuma wa za ka faɗa wa abin da ka ajiye?

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya kusa cika shekara 60 a duniya, ko shekara 35 yana aiki, yakan shagala da zirga-zirga tsakanin ofishinsa da kamfanin da ke kula da asusun fanshonsa. Idan yana da ɗa a Ingila ko 'ya a Amurka da ke ta matsa masa ya zo ya huta, sai a ƙara da zancen biza da tikiti. Abin da ba a cika tattaunawa ba a irin wannan shiri shi ne haraji, saboda yawancin ma'aikata sun saba a cire musu shi daga albashi tun kafin kuɗin ya iso hannunsu.

A dokar haraji, fasfo ba shi ne ke nuna inda mutum yake ba. Abin da ake dubawa shi ne mazauninsa na haraji, wato ƙasar da doka ke ɗaukarsa a matsayin mazauninta, wadda ke da ikon tambayarsa duk abin da ya samu a ko'ina cikin duniya. Sabuwar dokar harajin Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025 ta kuma fara aiki a Janairun 2026, ta fayyace wannan batu fiye da tsohuwar. Wanda ya yi kwana 183 a Najeriya cikin wata 12 mazauni ne. To amma ba kwanaki kaɗai ake ƙirgawa ba. Wanda ke da gida na dindindin da zai iya sauka a cikinsa, ko wanda harkokin samunsa da iyalinsa na kusa suke nan, shi ma ana iya lissafa shi a mazauni. Ke nan tsohon darakta da ya tafi Landan ya bar gidansa na Gwarinpa a buɗe, uwargida tana ciki, shaguna biyu suna kawo haya, bai fita daga lissafin Najeriya ba don kawai jirgi ya tashi da shi.

A can ma ana nasu lissafin. Shekarar haraji a Birtaniya tana farawa ne ranar 6 ga Afrilu ta ƙare ranar 5 ga Afrilu mai zuwa, kuma kwana 183 a cikinta ya isa a ce mutum mazauni ne. Ƙasa da haka ma yana iya isa idan akwai wasu alaƙoƙi, kamar samun masauki a shirye, ko yin fiye da kwana 90 a ƙasar cikin ɗaya daga shekaru biyu da suka gabata. Amurka kuwa tana haɗa shekaru uku ne: kwanakin bana gaba ɗaya, da sulusin na bara, da sudusin na bara waccan. Kakar da ke zuwa rainon jikoki wata huɗu kowace shekara, kwana 122, a shekara ta uku lissafinta ya kai 183 daidai, alhali ita a ranta ziyara take zuwa. Mai katin zama na dindindin ba ya ma buƙatar ƙirge. Hukumar harajin Amurka tana ɗaukarsa nata ne ko yana zaune a Kubwa.

Saboda haka mutum ɗaya yana iya zama mazaunin ƙasa biyu a shekara guda. A nan ne yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu take amfani. Najeriya tana da irinta da Birtaniya tun 1987, tana da ita da Kanada da Faransa da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe. Irin wannan yarjejeniya takan raba gardama daki-daki: ina gidansa na dindindin, ina cibiyar rayuwarsa da dukiyarsa, ina ya fi zama, sannan ɗan wace ƙasa ne. Galibi kuma takan bar fanshon aikin gwamnati a hannun ƙasar da ke biyansa. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin dokar fansho ta 2014 ta keɓe kuɗin ritaya daga haraji a Najeriya. Da Amurka babu irin wannan yarjejeniya, don haka fanshon da Abuja ta yafe masa haraji ba lallai ne ya tsira a can ba.

Birtaniya ta yi wani sauyi da ya shafi sababbin zuwa. Daga 6 ga Afrilun 2025 ta soke tsohon tsarin da ke ba baƙi damar kare kuɗinsu na waje daga haraji na tsawon shekaru, ta maye gurbinsa da rangwamen shekara huɗu kacal ga wanda bai kasance mazauninta ba cikin shekara goma da suka wuce. Rangwamen sai an nema a takardar haraji, ba ya zuwa da kansa. Bayan shekara huɗun, hayar gidajen Abuja da ribar hannun jari da kuɗin ruwan ajiya duk suna shiga lissafin Birtaniya, sai dai a cire abin da aka riga aka biya a gida. Masu komawa Saudiyya ko Dubai ba su da wannan damuwa ta ɓangaren can, tunda ba a karɓar harajin albashi daga ɗaiɗaikun mutane, amma hayar gidan da ke Najeriya harajinta na Najeriya ne duk inda mai gidan ya koma.

Sai batun bayyana ajiya, wanda a ganina ya fi haɗari ga ma'aikacin gwamnati, domin shi yana da alhaki biyu. Na farko yana cikin jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999: jami'in gwamnati zai bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin da ya kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da kuma lokacin da zai sauka. Wannan fom na ƙarshe shi ne wanda ake yawan mantawa da shi cikin hidimar liyafar bankwana, musamman mataimakan ministoci da na 'yan majalisa da kujerarsu ke tafiya tare da ta maigida. Jadawalin ya kuma hana shugaban ƙasa da gwamnoni da ministoci da 'yan majalisa riƙe asusun banki a ƙasar waje. Shari'ar tsohon Alƙalin Alƙalan Najeriya, Walter Onnoghen, wanda Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta kama da laifin ƙin bayyana wasu asusu a 2019 kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi a 2024, ta nuna inda gurbin da aka bari a fom zai iya kai mutum. Asusun nasa ma ba a waje suke ba, suna wani banki ne da ke cikin Najeriya, wasunsu na kuɗin ƙetare.

Alhaki na biyu yana jiransa a sabuwar ƙasa, inda asusunsa na Najeriya ya koma shi ne ajiyar waje. Mazaunin Amurka da jimillar asusunsa na ƙetare ta haura dala 10,000 ko da na rana ɗaya a shekara, wajibi ne ya cike fom ɗin da ake kira FBAR, ko da babu kwabon haraji a kansa, kuma tarar ƙin yin hakan tana da nauyi. Kanada tana neman bayani a kan kadarorin waje da kuɗin sayensu ya wuce dalar Kanada 100,000. Garatuti ko kuɗin filin da aka sayar kafin tafiya sun isa su tsallaka iyakar ta Amurka cikin dare ɗaya.

Zamanin a yi shiru a ce wa zai sani ya wuce. Najeriya ta shiga tsarin musayar bayanan asusu tsakanin ƙasashe, wanda ake kira CRS, a 2017, kuma ta fara musayar a 2020. Shi ya sa bankuna ke tambayar abokin hulɗa ƙasar da yake biyan haraji da lambar harajinsa. Fiye da sau ɗaya gwamnati ta buɗe ƙofar afuwa, misali: shirin VAIDS na 2017 zuwa 2018, da kuma umarnin shugaban ƙasa na Oktoban 2018 kan kadarorin ƙetare, wanda ya nemi kashi 35 cikin ɗari na darajar abin da aka bayyana.

Akwai wani lissafin da ba na haraji ba amma yakan rushe shirin tun kafin a je ga haraji. Fansho da naira ake biyansa, a asusun Najeriya. Kafin a saki kasuwar canji a watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce 1,500. Fanshon naira 300,000 da yake daidai da kusan dala 650 ya koma ƙasa da dala 200. Masu karɓa a tsohon tsari a hannun PTAD kuma suna da aikin tabbatar da cewa suna raye lokaci-lokaci ta intanet, in ba haka ba a dakatar da biya.

Wanda ya ƙudura tafiya zai so ya riƙe takardun shaidar biyan harajinsa na shekarun baya daga hukumar harajin Abuja ko ta jihar da yake zaune, da kwafin fom ɗinsa na ƙarshe na bayyana kadarori, da takardun da ke nuna asalin kowace ajiya: wasiƙar garatuti, yarjejeniyar sayar da fili, takardar rabon gado. Ya kuma rubuta ranakun shiga da fitarsa a kowace ƙasa, domin su ne hujjarsa idan gardamar mazauni ta taso. Idan zai fita da tsabar kuɗi da ta haura dala 10,000, ko kwatankwacinta, sai ya bayyana wa jami'an kwastam a filin jirgi, haka nan kuma a inda zai sauka: dala 10,000 a Amurka, fam 10,000 a Birtaniya.