Yadda A Ke Kiwon Murjani Cikin Akwatin Gilashi

Kusan dukanmu mun san murjani, jan dutsen nan da mata ke ɗaurawa a wuya, amma kaɗan daga cikinmu suka san asalinsa dabba ce mai rai. Jan da a ke yin abin wuya da shi daga Bahar Rum a ke ciro shi. Danginsa kuwa na tekunan zafi, kamar Bahar Maliya da tekun Indonesiya da gabashin Ostireliya, su ne waɗansu 'yan mitsi-mitsin dabbobi masu kama da fure, waɗanda ke zama jama'a guda suna gina wa kansu gida na alli, har ginin ya zama tsauni a ƙarƙashin ruwa. Cikin jikin kowannensu akwai wata irin gansakuka wadda ido ba ya gani, ita ke haɗa abinci da hasken rana ta ciyad da mai masaukinta. Saboda haka irin wannan murjani mai gina tsauni ba ya rayuwa sai inda ruwa ya ke garau, haske yana ratsa shi.

Mutane sun daɗe suna sha'awar kawo wannan abin mamaki cikin ɗaka. A shekarar 1846 wata Baturiya, Anna Thynne, ta kai murjani na bakin tekun Ingila gidanta a Landan, ta raya shi kusan shekara uku, ana juye ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan don iska ta shige shi. A 1853 aka buɗe ɗakin kifi a gidan namun daji na Landan. Tun daga lokacin nan masu wannan aiki suka gane abu guda, shi ne kuma jigon maganarmu: mai son kiwon murjani, ruwa ya ke kiwo. In ruwa ya zauna a hali guda, dabbobin za su kula da kansu.

To, bari mu ɗauki akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 35, wanda zai ci lita 60 da 'yan kai. A yanko gilashi mai kaurin milimita 6, a goge bakinsa, a haɗa da danƙon silikon irin wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba, domin maganin nan dafi ne ga dabbobin ruwa. A bar shi mako guda ya bushe, sa'an nan a cika shi da ruwan banza a waje, a ga ko yana yoyo. Mu tuna kowace lita kilo guda ce, watau in an haɗa da dutse da rairayi da gilashi nauyin zai tasam ma kilo 90. Sai a nemi tebur mai ƙarfi wanda bai karkata ba, a ajiye nesa da taga.

Sai maganar ruwa. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 cikin kowace lita, amma gishirin miya ba zai yi ba, domin na teku gauraye ya ke da kalshiyam da maganiziyam da sauransu, waɗanda murjani ke gini da su. Akwai gishirin da a ke haɗawa musamman don wannan aiki. A narka shi cikin tataccen ruwa a wani bokiti dabam, a auna da ma'aunin gishiri har ya nuna 1.025. Kada jan ƙarfe ko tagulla su taɓa ruwan, gama ɗan kaɗan daga cikinsu ya isa ya kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi.

Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26. A ƙasar sanyi ɗumama shi a ke yi, a ƙasar zafi kuwa sanyaya shi ne aiki, sai a sa fanka ta riƙa hura samansa. A sa ɗan injin da zai riƙa kaɗa ruwa dare da rana, ya juya shi duka a ƙalla sau goma cikin sa'a, tun da murjani ba ya tafiya, igiyar ruwa ke kawo masa abinci ta kwashe masa ƙazanta. Fitila kuma mai farin haske da shuɗi ta riƙa ci sa'a 8 zuwa 10 kullum. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, wajibi ne a tanadi batir don injin nan, domin in ruwa ya tsaya cik iskar da ke cikinsa ta kan ƙare.

Bayan an shimfiɗa rairayi, an jera duwatsu masu kofofi yadda ruwa zai ratsa tsakaninsu, an zuba ruwa, sai a zo ga mataki mafi wuya, watau jira. Dalili kuwa, kashin kifi da ragowar abinci su kan zama amoniya, ita kuwa dafi ce. Waɗansu ƙwayoyin bakteriya masu zama cikin kofofin dutse su ke mai da ita naitirait, wanda shi ma dafi ne, waɗansu kuma su mai da wannan naitiret, mai sauƙin illa. Ƙwayoyin nan su ne 'yan gida na fari, ko da ya ke ba mai ganinsu. A jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe don su sami na ci, a riƙa gwada ruwan da magungunan gwaji, har amoniya da naitirait su koma sifiri. Ya kan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Wanda ya ƙosa ya zuba kifi tun ran fari, gawa zai kwasa, kuɗinsa kuma sun tafi. Sannu ba ta hana zuwa.

In ruwa ya nuna, sai a fara da dodon koɗi kaɗan masu cin gansakuka. Bayan mako biyu a sa murjani mai taushi, wanda ya fi mai ƙashi jimiri. Daga baya a kawo kifi, kada su wuce biyu ƙanana, kamar ɗan kifin nan mai ruwan lemo da farar ɗamara uku, wanda Turawa ke kira kilawun. Wajen taɓa duwatsu a sa safar hannu, kada kuma a kuskura a dafa su, domin wani irin murjani mai taushi yana da mugun dafi wanda kan bi tururi ya shiga huhu.

Kada ƙanƙantar akwati ta ruɗe mu mu zaci ya fi sauƙi. Ga lissafi. In lita 3 ta tashi tururi daga lita 60, gishiri ba ya tashi da ita, sai ya hau daga 35 zuwa kusan 37. Da akwatin mai lita 600 ne, da ƙyar za a ga bambanci. Saboda haka kullum a cike gurbin abin da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri, kowane mako kuma a ɗebe kashi ɗaya cikin goma a mayar da sabon ruwan gishiri.

Saura magana ɗaya, wajen saye. Tsaunukan murjani suna cikin wahala. A 1998, da kuma 2016 da 2017, zafin teku ya sa murjani mai yawa ya kori gansakukar jikinsa, ya yi fari fat, da yawa ya mutu da yunwa. A waɗansu wurare na Filifin da Indonesiya kuma an sha kama kifin ado da guba, wadda ke lalata murjanin da ke kewaye. To, tun da yanzu ana hayayyafa kifin kilawun a gidajen kiwo, murjani kuma ana yankan reshensa a dasa ya tsiro, ya kamata mai saye ya tambayi asalin abin da za a sayar masa, ya zaɓi na kiwo. In ya riƙe ruwansa da kyau, wata rana shi ma zai yanki reshe ya ba wani.