Macijin da ke kwaikwayon kububuwa

'Yan uwa manoma, a dajin sabara da geza na ƙasarmu akwai wani ɗan maciji da kuke kashewa kullum da sunan kububuwa, alhali ba ita ba ce. Ba shi da dafi. Haƙoran kirki ma ba shi da su. Abincinsa ɗaya ne tak: ƙwan tsuntsu. Shi ya sa muka kira shi mai shan ƙwai. A shekarar 2006 ne masana biyu a Dakar, Jean-François Trape da Youssouph Mané, suka ware irin na yankin Sahel, suka raɗa masa suna Dasypeltis sahelensis.

Tsawonsa kamu ɗaya ne da 'yan kai. Da rana yana ɓoye cikin rami ko ƙarƙashin ɓawon itace. Da dare yake fita, ya hau aduwa ko bagaruwa yana bin sheƙa. Da harshe yake sansanar ƙwai. In ƙwan ya ruɓe, sai ya wuce shi.

Ga abin mamaki. Kansa bai fi ɗan yatsanka kauri ba, amma yana haɗiye ƙwan da ya fi kan nasa girma sau uku. Sai ya buɗe baki, fatar wuyansa ta miƙe kamar roba, ya tura ƙwan ciki sannu-sannu. Ƙwan ba ya isa ciki da ɓawonsa. A maƙogwaro akwai wasu ƙasusuwan baya masu tsini da suka leƙo. Sai ya lanƙwasa wuya, ya matse, tsinin ya fasa ƙwan. Ruwan ya gangara ciki, ɓawon kuma ya amayar da shi a murƙushe. In ka tsinci irin wannan ɓawo a dunƙule a gindin itace, to, shi ne ya yi kalaci.

Damina ce kakarsa, lokacin da tsuntsaye ke saka ƙwai. Yakan ci ya tara kitse. In rani ya yi, sai ya yi watanni bai ci kome ba. Cikin ƙwan da yake sha har da na tsuntsayen da ke cin gero da dawa a gona. Bai isa ya tsare maka hatsi ba, amma dai ba maƙiyinka ba ne.

To, me ya sa yake kama da kububuwa? Wanda ba shi da makami sai dabara. Launinsa na ƙasa ne, da ɗigo-ɗigo a baya. In ka tsorata shi, sai ya naɗe jiki, ya riƙa goga ɓawon jikinsa da juna, ka ji shuuu, daidai yadda kububuwa ke yi. Har sara yakan kawo da baki buɗe. Duk burga ce.

Bambancin yana ga kai. Kan kububuwa faffaɗa ne, wuyanta siriri. Kan mai shan ƙwai ƙarami ne, kusan ɗaya da wuya. Amma kada ka sunkuya duba kai, balle da dare. Ka ja baya, ka ba shi hanya. Kuma macijin da ka tarar cikin akurki kada ka ce wannan ne: gamsheƙa ma tana shan ƙwan kaji, ita kuwa tana kisa.

In maciji mai irin wannan kama ya sari mutum, a ɗauka kububuwa ce. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum yakan ga kamar ya samu sauƙi, daga baya jini ya fara fita ta dasashi, ta hanci ko cikin fitsari. Kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe da munduwa, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗora shi bisa amalanke ko babur a kai shi gidan likita ran nan, inda ake da allurar dafin maciji.