Kunnen Injin Mota da Amanar Bakanike

A Kwangila ta Zariya, inda hanyar Kano da ta Kaduna da ta Funtuwa suka haɗu, motocin haya ba su yankewa. Motocin yanzu kuwa suna da kwamfuta, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa. Ita ke yanka wa fulogi lokacin da zai ba da wuta.

A jikin injin an ɗaure wata 'yar na'ura, aikinta saurare. Idan fetur ya fashe ba bisa ƙa'ida ba, kamar yadda mai maras kyau kan sa, injin ya yi ƙwanƙwasa, sai ta shaida wa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta jinkirta wutar, fistin ya tsira. In ta mutu, fitilar gargaɗi ta kama, mota ta rage ja, ta ƙara shan mai. Wannan kuwa, tun da aka janye tallafin fetur a 2023, ba ƙaramar hasara ba ce.

Na'urar bincike takan nuna P0325, amma lambar ba ta ce a sake kunnen ba. A Sienna mai silinda shida kunnuwan biyu ne, can ƙarƙashin bututun iska, sau da yawa kuma wayarsu ce zafi ya gasa. Lalle a auna waya tukuna, kana a sayi sabo.

Amma wanda ya sa aka cire ƙwan fitilar ya sayar da motar, wannan ɓoye aibi ne. A fiƙihun Malikiyya mai saye yana da ikon mayarwa.