Na'urar Da Ke Ƙirga Takun Mutum, Da Abin Da Ta Tona Wa Masu Aikin Zama

Idan aka tambayi akawu ko malamin makaranta, aka ce, "Malam, awa nawa ka yi a zaune jiya?" da wuya ya ba da amsa daidai. Ba don yana son ɓoye gaskiya ba. Halin ɗan Adam ne ya tuna wahalar da ya sha, ya mance da hutun da ya yi. Tafiyar da ya yi zuwa kasuwa cikin rana tana ransa, amma zaman bakin tebur tun daga safe har azahar ya wuce kamar ba a yi ba. Ana cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, a wannan sha'ani dai kimar ido ta kasa, shi ya sa masana suka nemi mudu na sosai.

Asalin maganar daga birnin Landan ne. A shekarar 1953 wani likita, Jeremy Morris, ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin haya na birnin, mutum wajen 31,000. Da yawa daga motocin nan masu bene ne. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana ta hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Sai likitan ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, in ya kama su kuma ya fi saurin kashe su. Ya duba ma'aikatan gidan waya, ya sami haka nan: masu yawon raba wasiƙu sun fi akawunan da ke zaune a ofis tsira daga wannan ciwo. Amma fa a zamanin ba shi da abin auna motsin kowane mutum, sai dai ya dubi irin aikinsa ya ƙiyasta.

A 1965, shekara guda bayan wasannin Olamfik na Tokiyo, wani kamfani na ƙasar Japan mai suna Yamasa ya fito da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a ƙugu. A cikinta akwai ɗan ƙarfe mai lilo, duk takun da mutum ya yi sai ya girgiza, ya juya ƙidaya. Aka sa mata suna Manpo-kei, watau ma'aunin taku 10,000. Daga nan ne zancen taku 10,000 a yini, wajen mil 5 ke nan, ya bazu a duniya. Ya kamata masu karatu su lura, wannan adadi sunan haja ne da 'yan kasuwa suka raɗa, ba likitoci ne suka auna suka yanke shi ba.

Na'urorin yanzu sun wuce nan nesa. A cikin agogon hannu na zamani, da wayar da ke aljihunmu, akwai wani ɗan ma'auni da bai kai ƙwayar wake ba. Yana jin motsi ta fuska 3: gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Waɗansu suna rubuta abin da suka ji har sau 100 cikin daƙiƙa guda. Sa'an nan a ba kwamfuta wannan rubutu, ta rarrabe lokacin da mutum ya yi shiru, da lokacin da ya yi tafiyar ƙasaita, da lokacin da ya yi sauri har numfashinsa ya ɗaga.

Da aka gwada wannan ma'auni a kan jama'a sai asiri ya tonu. A Amurka, cikin 2003 da 2004, aka ɗaura wa mutane fiye da 6,000 na'urar a ƙugu har kwana 7. Da aka tambayi manya da baki, kusan rabinsu sun nuna suna cika abin da likitoci suka ce, watau motsa jiki na minti 30 a yini. Na'ura kuwa ta ce ba su kai 5 cikin 100 ba. Ta kuma nuna mutane suna cinye awa 7 da rabi da ɗoriya kullum a zaune ko a kishingiɗe, ban da barcin dare. Ga abin da ya fi shafar malamai: yara 'yan shekara 6 zuwa 11, 42 cikin 100 ne ke samun awa guda ta guje-guje a yini, amma da suka zama samari da 'yan mata sai abin ya faɗo zuwa 8 kacal.

To, taku nawa ne ya wadatar? A 2019 wata masaniya ta Jami'ar Harvard, I-Min Lee, ta bayyana abin da ta gani a kan mata tsofaffi fiye da 16,000, galibinsu 'yan shekara 70 da wani abu. Masu yin taku wajen 4,400 a yini, mutuwa ta yi ƙaranci a cikinsu ƙwarai bisa ga masu yin 2,700. Amfanin ya yi ta ƙaruwa har wajen taku 7,500, daga nan ya tsaya. A 2022 aka haɗa bincike 15 daga ƙasashe dabam dabam, aka ga waɗanda suka kai shekara 60 sukan sami galibin amfanin tsakanin taku 6,000 da 8,000, waɗanda ba su kai ba kuwa tsakanin 8,000 da 10,000. Ashe wanda ya fi kowa riba shi ne wanda ba ya motsi ko kaɗan sa'an nan ya soma.

Duk da haka kada mu ɗauki na'ura kamar alƙalin da ba ya kuskure. Wadda ke hannu, motsin hannu take ji. Mai tuƙa keke hannunsa yana kan kan keke, sai ta rage masa lada. Mace mai daka tana tsaye wuri guda, sai ta iya rubuta mata tafiyar da ba ta yi ba. Mai ɗauke da tulu a ka da wanda ke tafe hannu rabbana, takunsu ɗaya a wurinta. Ba ta kuma iya rarrabe tsayuwa da zama sosai, sabo da haka masu binciken zama sukan manna tasu a cinya. Har wa yau, marar lafiya dama ba ya iya yawan tafiya, don haka ba dukan bambancin da aka gani ba ne za a ce tafiya ce ta kawo shi, ko da yake masanan sun yi ƙoƙarin ware wannan a lissafinsu.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2020 shi ne, babba ya sami minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuwa awa guda kullum, kowa kuma ya rage zama. Ta ce ko motsi kaɗan ne yana shiga lissafi.

Mu da abincinmu ke bakin alƙalami, mu ne akawunan da Likita Morris ya gani. Wanda ke da irin wannan agogo ko waya, ya duba ƙidayarsa ta mako guda, ya san inda yake tsaye, sa'an nan ya ƙara taku 1,000 a kai. Wanda ba shi da ita, ya sa ƙwayar gero a aljihu duk sa'ad da ya tashi daga kujera, da yamma ya ƙirga, zai sha mamaki. Takardar da za ta ofishin da ke kusa, mu kai da ƙafarmu, a bar masinja ya huta. Malamai kuma, don Allah kada a cinye lokacin wasan yara da sunan ƙarasa darasin lissafi, balle a manyan azuzuwa inda motsi ya fi raguwa. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.