Ɗan Sanda In Ya Yi Laifi, Wa Ke Kama Shi?

A daren 7 ga watan Yuni na 2005, waɗansu samari biyar 'yan kasuwar Apo a Abuja, tare da wata budurwa, suka kama hanyar gida, amma ba su isa ba. 'Yan sanda suka kashe su, gari na wayewa aka ce wai 'yan fashi ne. Da ba domin 'yan'uwansu 'yan kasuwa sun yi tsayin daka ba, da maganar ta bi ruwa. Shugaba Obasanjo ya naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck, inda aka ba da shaida cewa makaman da aka nuna, ɗora wa gawarwakin aka yi. Duk da haka sai a watan Maris na 2017, watau bayan kusan shekara 12, Babbar Kotun Abuja ta yanke wa ƙananan 'yan sanda biyu hukuncin kisa, ta sallami uku, har da babban jami'in da ke cikinsu.

In a takarda ne, ƙofofin kai kuka ba su yi kaɗan ba. Tsarin Mulki na 1999 ya ba Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ikon ɗauka da ƙarin girma da horon kowane ɗan sanda, ban da Sufeto-Janar. A 2015, zamanin Solomon Arase, aka buɗe sashen karɓar koke-koken jama'a ta wayar tarho. A 2020 kuma aka yi sabuwar dokar 'yan sanda, ta maye gurbin ta Turawa ta 1943. To, amma sau da yawa takardar da talaka ya rubuta takan zagaya ta koma hannun abokan aikin wanda ya kai ƙara, su ne za su bincika. Wannan kuwa ba shi da bambanci da ba kura ajiyar nama. In ma ta kai ga horo, kurtu ne aka fi tuɓe wa kaki, shi kuwa wanda ya tura shi kan hanya da sharaɗin ya kawo na goro da yamma, sai a sake masa wurin aiki kawai.

Mai karatu ya leƙa bariki kuma ya ga halin da kurtun nan yake ciki. Ran 1 ga Fabrairu na 2002 ƙananan 'yan sanda suka yi abin da ba a saba ji ba, suka shiga yajin aiki saboda bashin haƙƙoƙinsu. Ba da jimawa ba aka sauke Sufeto-Janar Musiliu Smith aka ɗora Tafa Balogun, wanda shi kuma a 2005 kotu ta ɗaure shi wata shida a kan dukiyar da ta kai biliyoyin naira. A 2013 gidan talabijin na Channels ya nuna wa duniya ruɓewar Kwalejin 'Yan Sanda ta Ikeja, har Shugaba Jonathan ya je ya gane wa idonsa. A shekarar ce kuma wani babban ma'aikaci da ya amsa laifin cin kuɗin fanshon 'yan sanda ya biya tarar naira 750,000 ya tafi gida, sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida. Yunwa dai ba ta halatta wa kowa harbin ɗan wani ba, haƙiƙa. Amma wanda ya ga na sama ya ci biliyan ya sha da sauƙi, da wuya wa'azi a kan naira ɗari ya shiga kunnensa.

A watan Oktoba na 2020 tura ta kai bango. Matasa suka fito zanga-zanga, aka rushe rundunar SARS ran 11 ga watan, daga baya rikici ya ɓarke, aka ƙone ofisoshin 'yan sanda, aka kashe waɗansunsu. Jihohi da dama sun kafa kwamitocin sauraron koke-koke, a Legas har an biya diyya, sai dai waɗanda aka gurfanar gaban alƙali daga cikin jami'an da aka ambata ba su taka kara sun karya ba.

A watan Yuli na 2025 kuwa, tsofaffin 'yan sanda ne da kansu suka taru a ƙofar Majalisar Tarayya da hedikwatar rundunar a Abuja, suna neman a fitar da su daga tsarin fanshon karo-karo, kamar yadda aka fitar da sojoji tuntuni.